Kwari da Baka, Daga Tafkin Kwatto Zuwa Baka Mai Gargare

Da baka aka kafa Daular Sakkwato, ba da doki ba. A Tafkin Kwatto, cikin Yunin 1804, dawakan jama'ar Shehu ba su wuce ashirin ba, Sarkin Gobir Yunfa kuwa ya zo da 'yan lifidi da Azbinawa. 'Yan baka ne suka tarwatsa su. Bayan shekara 99, ran 15 ga Maris 1903, aka sake ɗaura kwari a Giginya da ke Sakkwato, amma wannan karon bindigar Turawa mai ruwan harsashi ce a gaba.

Bakanmu itace ne da tsirkiya, shi ke nan. Kibiyar kyauro ce, galibi ba gashin tsuntsu a gindinta, bakinta ƙarfe mai kunne wanda in ya shige ba ya fita da daɗi. Aikin duka yana ga dafin kwankwani da ake shafa mata, wanda ke tsayar da zuciya. Ko ƙwarzane ta yi, magana ta ƙare. In dabba ce aka harba, maharbi sai ya yanke naman da ke gefen raunin ya yar, ya ci saura.

Dangin wannan kwankwanin ya zama maganin zuciya a Turai, kuma ta hanyar ganganci. John Kirk, likitan tafiyar Livingstone a kogin Zambezi, ya goge haƙori da buroshin da ya taɓa dafin, sai ya ji bugun zuciyarsa ya ragu.

Su kuwa Amurkawa hannu ne ya dame su. Bakan gargajiya, iya ja iya nauyi, ba ka daɗewa kana saiti sai dantse ya fara rawa. Wani mutumin Missouri, Holless Wilbur Allen, ya datse kan baka ya ɗaura masa gargare, ya samu takardar mallakar ƙirar a 1969. Dabarar ita ce, ƙusar da gargaren ke juyawa a kanta ba a tsakiya take ba, saboda haka nauyi yakan kai ƙololuwa a tsakiyar ja, sannan ya saki.

Tsofaffin gargare kewayayyu ne, ga taushin ja, amma kibiya ba ta gudu sosai. Na yanzu sun fi kama da ƙwai, suna zubar da kashi 80 cikin ɗari na nauyi ko fiye: bakan kilo 30, a ƙarshen ja kilo shida kawai kake riƙe da shi. Kibiya kuma tana cin mita 100 a daƙiƙa guda.

Matsalar gargare biyu ita ce in ɗaya ya riga ɗan'uwansa juyawa, kibiya ta kauce. Kamfanin Mathews ya ce a bar ɗaya kawai, a 1992. Bowtech kuma ya ɗaure biyun da juna a 2005. A ganina duk sun sayi sauri, sun biya da 'yanci: maharbin Dange in tsirkiyarsa ta tsinke ya murɗa wata a gindin bishiya, mai gargare sai ya nemi na'urar matse baka.

Duk da wannan fasaha, sai a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028 za a fara barin baka mai gargare ya shiga filin Olamfik.