Idan Aka Fasa Tsohuwar Fijo A Lokeshin, Wa Zai Biya?

DUK furodusan da ya ƙudiri aniyar shirya fim a kan zamanin da, kuma ya zaɓi Daura ta zama lokeshin ɗinsa, to ya rage wa kansa rabin wahala tun kafin a kunna kyamara. Ga fadar Sarki, ga rijiyar Kusugu, ga tsofaffin unguwanni masu zaure da soro, ga dawaki da kwalliya idan aka dace da Sallar Gani. Abin da ke hana darakta barci shi ne mota. Idan labari ya ce a 1978 ne Alhaji ya dawo daga Kano, ba dama a nuno shi cikin Honda ta jiya-jiya. Masu kallon yanzu ba sa yafiya, kafin gari ya waye sun yanko wurin sun watsa a Facebook ana ta dariya.

Shi ya sa ake bazama cikin gari neman wani dattijo, tsohon hedimasta ko tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda har yau yake da motarsa ta ƙuruciya a lulluɓe da tamfol. A je a durƙusa, a ce, "Baba, a taimaka mana da ita kwana biyu kacal." Baba ya ji kunyar wanda ya rako su, ya miƙa makulli. Ba takarda, ba shaida, sai "Allah ya tsare". To, daga nan ne rigimar kan samo asali.

Motar da aka fi nema ita ce Peugeot 504, wadda kowa ya sani da Fijo. A 1968 aka fara fito da ita a Faransa, a 1969 ta zama gwarzuwar motocin Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Kenya. A wannan shekara ta 1975 ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turawa sun daɗe da daina yin ta. A zamanin mulkin soja na Obasanjo ita ce motar manyan jami'an gwamnati, doguwarta kuma ita ce ta yi shekaru tana jigilar fasinja daga tashar Daura zuwa Kano ta Kazaure. Da an ga hancinta a fim, an san zamanin da ake nufi ba sai an rubuta shekara a ƙasan allo ba. Bayanta sai Volkswagen mai siffar kunkuru da tsohuwar Marsandi.

Matsalar ita ce jarumin da za a ɗora a kanta da ƙyar in ya kai rabin shekarunta. Ya saba da mota mai canza giya da kanta. Ita kuwa tsohuwar Fijo, wata giyarta a jikin sitiyari take, sitiyarin da nauyi, birkin kuma sai an san halinsa. Darakta na ihu a ƙara wuta don ƙura ta tashi, mai kyamara na gefe, yara sun cika titi suna kallon 'yan fim. Jarumi ya kauce wa akuya, sai ji kake garam, ya haɗu da katanga ko bayan wata motar.

'Yan fim ba baƙin haɗarin mota ba ne. Industiri ba za ta manta da Balaraba Muhammad ba, wadda ta rasu a 2003 a hanyar kai ta gidan miji, ko Ahmad S. Nuhu da ya rasu ranar 1 ga Janairu, 2007 a wajen Azare. Allah ya jiƙansu. Saboda haka in aka yi karo kowa ya fito da ƙafarsa, hamdala ake fara yi. Sai an natsu ake tuna cewa motar fa ta aro ce.

A wajen gyara ne ake gane cewa tsohuwar mota ba kuɗi kaɗai take ci ba, har da haƙuri. Injin Fijo bai cika ba bakanike tsoro ba, don duk tsohon gareji a Daura ko Katsina akwai wanda ya koyi sana'a a kansa. Lagireto in ya fashe ana iya yi masa walda. Ƙarfen jikinta mai kauri ne, mai gyaran jikin mota zai iya buga shi ya miƙe, ba kamar motocin yanzu da rabinsu roba ce ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙananan abubuwan da ke ba ta kamanninta: fitilun gaba masu wannan yanka na musamman, ragar hanci mai tambarin zaki, bamba mai ƙyalli, gilashin gaba da robar da ke riƙe shi. Waɗannan sai an tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ana bin shago-shago, ko a sayi wata matacciyar Fijo a ciro. Wani lokaci a samu fitilar dama a rasa ta hagu. In kuma ƙashin motar ya karkace, ko an buga jiki ya yi sumul za ta riƙa cin taya tana jan gefe guda.

Sai fenti. Launin da ya sha ranar Daura shekara 40 ba ya cikin kowane gwangwani. In aka fesa wa ƙofa ɗaya sabo, za ta fita daban kamar haƙorin Makka. In aka fesa wa motar duka, mai ita zai ce wannan ba motarsa ba ce. Kuma yana da gaskiya.

To ina inshora? A nan ne furodusa kan yi ajiyar zuciya ya ce ai Baba na da takardu. Sai a ɗauko takardar a ga ta ɓangare na uku ce, wadda doka ta tilasta wa kowane mai mota tun dokar 1945. Shekara da shekaru ana sayenta N5,000, kafin hukumar NAICOM ta mayar da ita N15,000 ga motar gida daga Janairun 2023, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka shiga kama marasa ita. Amma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan takarda ba ta gyara motar mai ita ko da ƙusa ɗaya. Wanda aka buga take biya, wato mai katangar, ko mai ɗaya motar, ko wanda aka ji wa rauni. Fijon Baba ba ta cikin lissafi.

Ko wannan ɗin ma sai in takardar ta gaske ce. An daɗe ana sayar wa mutane ta bogi a gindin bishiya tare da sauran takardun mota, shi ya sa kamfanonin inshora suka buɗe rumbun NIID a intanet, inda mutum zai sa lambar motarsa ya ga ko tana ciki. Sannan takardar motar gida ta amfanin gida ce. Da zarar kamfani ya gano cewa an karɓi kuɗi an ba da motar haya don aikin fim, yana da hujjar da zai kafa ya ƙi biya.

Mai gyara motar mai ita ita ce cikakkiyar inshora, wadda NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara. Nan ma akwai ƙura. Kamfanoni ba sa ɗokin karɓar mota mai shekaru irin waɗannan, in sun karɓa kuma da farashin kasuwa suke auna ta. A idon mai ƙiyasin kamfani, Fijo ta 1980 tsohon ƙarfe ce. In kuɗin gyara ya kusa kai wannan farashi, sai ya rubuta cewa ta tashi aiki, a ba mai ita ɗan abin da aka ƙiyasta, kamfani ya ɗauke gawar. Cewa a cikinta aka kai amaryar Baba, ko da ita aka raka shi filin jirgin Kano zai tafi Hajji, duk ba ya shiga fom. Maganin wannan shi ne a yi yarjejeniya a kan darajar motar a rubuce tun ranar da za a yanki inshorar, da hotunanta. Kuma in tsautsayi ya faru, a ɗauki hoto a wurin, a samu rahoton 'yan sanda, a sanar da kamfani da wuri, kada bakanike ya taɓa ta sai mai ƙiyasi ya gani. Gaggawar 'yan fim ta a ja mota gareji cikin dare don kada mai ita ya ji labari, ita ce ke kashe maganar biya gaba ɗaya.

Masu cewa inshora ba ta halatta ba su ma an yi musu hanya, domin tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da ke yin ta mota bisa tsarin Musulunci.

Turawa da suka riga mu a harkar ba sa wasa da wannan. A fim ɗin James Bond na 2021, No Time To Die, tsohuwar Aston Martin DB5 da aka ga ana yi wa ruwan harsashi ba ta asali ba ce, guda 8 aka ƙera masu kama da ita don wuraren ɓarna. Ba wanda ya ce furodusan Kano ko Katsina ya ƙera mota takwas. Amma bai fi ƙarfinsa ya bar mai motar ko direbansa ya yi tuƙin nesa ba, jarumi ya zauna a ciki kawai in an matso da kyamara. Bai kuma fi ƙarfinsa ya rubuta takarda shafi ɗaya gaban shaidu biyu ba, mai cewa ga darajar mota, ga wanda zai gyara, ga garejin da za a kai ta. Abin kunya ne a ware kuɗin rawa da waƙa har kala uku a kasafin fim, a rasa layi ɗaya na motar mutane. Wannan aiki ne da ya kamata MOPPAN ta sa baki a kai.

In ba a yi haka ba, maganar kan ƙare a zauren mai unguwa ko gaban hakimi, ana ba Baba haƙuri ana cewa ƙaddara ce, furodusa na rantsuwa zai gyara in fim ya fita. Shi kuma fim ɗin ba zai fita ba, domin an riga an ɗauki rabinsa da farar Fijo mai lamba kaza, sauran fitowa shida suna jiranta, ita kuwa tana gareji a kan duwatsu ana jiran fitilar hagu daga Kano.