Jakar Soja da Lafiyar Mai Goyonta

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan jakar da soja ke goyawa. Dalili kuwa, ƙanena soja ne. Da ya zo hutu sai na ga ba ya iya ɗaga hannunsa na hagu, yatsunsa kuma sun mace. Likita ya ce maratayin jaka ne ya danne jijiyoyin da suka bi ta kafaɗa zuwa hannu. Sai da ya yi makonni kafin ya sami sauƙi.

Wannan damuwa ba ta yau ba ce. A yaƙin Somme, cikin 1916, sojan Ingila ya shiga fagen fama da kayan da suka kai laba 66, wato kimanin kilo 30. A 1950 wani hafsan Amurka, S. L. A. Marshall, ya rubuta littafi a kan kayan soja, ya ce kada su wuce sulusin nauyin mai ɗaukarsu. Ke nan mutum mai kilo 60 iyakarsa kilo 20.

Amma fa, jama'a, ba nauyi kaɗai ne abin dubawa ba, har da wurin da ya zauna. Masana sun auna sun tarar kilo ɗaya a ƙafa ya fi kilo huɗu a baya cin ƙarfi. Jakar da ke reto nesa da jiki tana jan mutum baya, dole ya sunkuya, bayansa ya gaji. Jaka mai ƙarfe da ɗamara, irin wadda Amurka ta karɓa a 1973, tana sauke wani kashi na nauyin a kan ƙugu, kafaɗu su huta. In an raba kaya gaba da baya mutum yakan miƙe sosai, sai dai zafi ya dame shi, numfashi ya yi wuya.

Mu ma muna da abin tunawa. A 1944, sa'ad da Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta shiga kwarin Kaladan a ƙasar Bama, mutanenmu ne suka yi dakon harsashi da abinci a ka, suka bi duwatsu da kurmin da mota ba ta shiga. A 1986 kuma aka gwada waɗansu matan Kenya, aka ga suna ɗaukar kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsu a ka ba tare da ƙarin wahala ba. To, amma mai kaya a ka ba ya rarrafe, ba ya ɓuya, ba ya harbi. Saboda haka goyo ya zama tilas ga mayaƙi.

Shawarata ga manya ita ce, kafin a sayi jaka a gwada ta. A ɗora wa sojoji, dogo da gajere, su yi tafiyar mil goma cikin rana. A auna bugun zuciyarsu, a duba kafaɗunsu da tafin ƙafarsu, a ga ko suna iya gudu da saiti bayan sun iso. Sa'an nan a tambaye su, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sojan da jakarsa ta gama da shi a hanya, me ya rage ya kai wa abokin gaba?

Wassalam. Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya