Son Kai a Labaran Ƙwallon Ƙafa: Misalin Jaridun Madrid da Barcelona

A ƙasar Sifen akwai manyan jaridu huɗu da ke fitowa kullum, ba su da wani aiki sai labarin wasanni. Biyu suna Madrid, wato Marca, wadda aka kafa a 1938, da AS, wadda ta soma fitowa a 1967. Sauran biyun suna Barcelona: Mundo Deportivo (1906) da Sport (1979). Na Madrid sun karkata ga Real Madrid, na Barcelona kuwa ƙungiyar garinsu suke wa aiki, kuma ba su cika ɓoye hakan ba. Dalilin bai wuce ciniki ba. Magoyin baya ba ya son sayen jaridar da za ta ɓata masa rai da sassafe, shi ma ɗan jarida yana bukatar ƙungiya ta bar shi ya riƙa ganawa da 'yan wasa.

Wani lokaci abin yakan wuce gona da iri. A watan Fabrairun 2011, bayan wasan Barcelona da Athletic Bilbao, jaridar AS ta buga hoton da aka goge wani mai tsaron bayan Bilbao daga ciki, har ya zama kamar Dani Alves na Barcelona ya yi satar gida. Da asiri ya tonu, jaridar ta nemi gafara, ta ce kuskure ne.

Sai dai irin wannan ba kasafai yake faruwa ba. Inda son kai ya fi ɓuya shi ne a zaɓen kalmomi, kuma nan ne ɗalibin harshe ya kamata ya sa ido. A ɗauki wasan da aka tashi 1 da 0. A Hausa ana iya cewa ƙungiya "ta doke" abokiyar karawarta, ko "ta lallasa ta", ko kuwa "ta sha da ƙyar". Sakamakon ɗaya ne, amma "lallasa" ƙari ne a kan ci ɗaya tak, "sha da ƙyar" kuma ragi ne. Haka nan "ta sami bugun fanareti" ya bambanta da "an ba ta bugun fanareti". Jimla ta biyu ta sakaya mai aikatawa, ta bar mai karatu yana zargin alƙalin wasa, alhali marubucin bai ambace shi ba, balle a ce ya yi masa ƙazafi.