RADIUS

RADIUS ƙa'idar sadarwa ce da ake amfani da ita wajen tantance masu shiga na'urorin netwok daga wuri guda. A maimakon kowace na'ura ta riƙe sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu, sai ta tura tambaya ga sabar guda ɗaya, ita kuma ta amince ko ta ƙi.

Tarihi

Kamfanin Livingston Enterprises na Amurka ne ya ƙirƙiro ta a shekarar 1991, domin tantance masu shiga intanet ta layin tarho. Hukumar IETF ta wallafa ta a 1997, sannan ta sabunta ta a takardar RFC 2865 a shekarar 2000. A kanta aka gina eduroam, tsarin da ke ba ɗalibi damar shiga Wi-Fi na wata jami'a da sunan da jami'arsa ta ba shi.

Saita ta a na'urorin sa ido

Na'urorin da ke sa ido kan zirga-zirgar bayanai suna ganin abin da ya ratsa netwok, don haka wanda ya shige su ya ga asirin ma'aikata. Mai kula da netwok yakan shigar da adireshin IP na sabar, da lambar tasha 1812 ta UDP don tantancewa, da 1813 don rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya fita. Sai kalmar sirri ta tsakanin na'urar da sabar, wadda dole ta zama iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Idan ma'aikaci ya bar aiki, a wuri ɗaya za a goge sunansa.

Matsala

Idan sabar ta mutu ko layi ya yanke, na'urar sa idon kan rufe ƙofa ga injiniya a daidai lokacin da yake neman gano inda matsalar take. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Najeriya, inda wuta ke yawan ɗaukewa, kuma yankewar wayoyin ƙarƙashin teku a ranar 14 ga Maris, 2024 ta kawo cikas ga intanet a yammacin Afirka. Shi ya sa ake saka sabar ta biyu, a kuma bar asusu ɗaya a cikin na'urar kanta.

RADIUS kalmar sirri take ɓoyewa, sauran saƙon a buɗe yake tafiya. TACACS+ ta kamfanin Cisco, mai aiki da tasha 49 ta TCP, tana ɓoye jikin saƙon gaba ɗaya.