Takarda, Fensir Da Almakashi: Yadda Ɗalibai Ke Koyon Tsara Manhajar Waya

Duk wanda ya zauna a Umdurman ko Hartum tun daga ranar 15 ga Afrilun 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke, ya san cewa kuɗi sun yi ƙaura daga aljihu sun koma cikin waya. Bankuna suka rufe, wasu ma aka fasa su, sai manhajar Bankak ta Bankin Hartum ta zama lalitar jama'a. Da ita ɗan da ke Jidda ke aiko wa mahaifiyarsa kuɗin cefane, da ita kuma aka riƙa tara gudummawar takiyoyin da suka ciyar da unguwanni. Da layukan waya suka ɗauke a watan Fabrairun 2024, tukwane da yawa sun sauka daga murhu.

To, mai karatu, a nan ne muka ga abin da ya dame mu. Dattijo ne ya sauke Alƙur'ani, ya shekara arba'in yana ciniki a Kasuwar Libya, ba a taɓa ruɗa shi a lissafi ba, amma yau sai ya miƙa wa yaron maƙwabta wayarsa har da lambar sirri, ya ce, "Ɗana, taimaka ka tura mini." Mu kan ce tsufa ne. Masana kuwa cewa suke yi a fara tuhumar tsarin manhajar, kowace iri ce, kafin a tuhumi mai ita.

Akwai ilmi guda da aka keɓe wa wannan al'amari, wato tsara kaya yadda mai amfani da su ba zai wahala ba. Wani Ba'amurke, Don Norman, ya rubuta littafi a kansa a 1988, inda ya kawo misalin ƙofar da mutum zai ja alhali turawa ake yi. Da ya koma kamfanin Apple a 1993 ne sunan fannin ya bazu. Sai dai ilmi ne irin na ɗinki, ba ya shiga ta kunne, shi ya sa ake koyar da shi a taron bita, hannu da hannu.

Ga yadda bitar take. A kan raba ɗalibai huɗu-huɗu ko biyar-biyar, a hana su taɓa kwamfuta, a tura su kasuwa su zauna da mai shayi ko mai raksha, su kalli yadda yake karɓar kuɗi, su yi tambaya kaɗan, su yi saurare da yawa. In sun dawo sai su zana fuskokin manhajar a kan takarda, su yanke da almakashi. Sa'an nan a kirawo baƙo a ce masa, "Tura wa ƙanenka fam dubu hamsin." Ɗalibi guda shi ne kwamfutar, duk inda baƙon ya ɗora yatsa sai ya canja masa takarda. Sharaɗin da ya fi ci wa ɗalibai rai shi ne ba a yarda su buɗe baki su taimaka ba. Suna ji suna gani abin da suka kwana suna zanawa zai ɗaure wa mutum kai. Wani masani, Jakob Nielsen, ya rubuta a shekarar 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono mafi yawan kurakuran tsari.

Mu a nan muna da namu tarkon. Larabci daga dama ake karanta shi, lambobi kuwa daga hagu, kibiyar "ci gaba" ma hagu take kallo. Biyar ta Larabci da'ira ce, kamar sifirin boko, sifirin Larabci kuwa ɗigo ne da ido mai rauni ba ya gani. A harkar kuɗi, ɗigo ɗaya shi ne tsakanin dubu biyar da dubu hamsin. Iyayenmu mata da yawa kuma saƙon murya suka fi sabawa da shi, ba rubutu ba. Mai tsara manhaja da bai taɓa zama a tsakar gidanmu ba, ina zai san haka?

Darasin ba baƙo ba ne a garin nan. Ibrahim El-Salahi, haifaffen Umdurman a 1930, ya yi Makarantar Zane ta Kwalejin Gordon, ya ƙaro ilmi a Landan. Da ya baje zanensa a Hartum sai ya ga jama'a ba su kula ba. Bai zarge su ba, sai ya shiga gidaje ya duba abin da suke ratayawa a bango, ya tarar da rubutun Larabci da adon gargajiya, ya sake hannu. Makarantar tasa ita ce asalin Kwalejin Zane ta Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha.

'Ya'yanmu sun yi karatu a can, da Jami'ar Hartum, da Ahfad ta mata a Umdurman, da Jami'ar Afirka inda 'yan Nijeriya suka yi yawa. Takunkumin Amurka na 1997 zuwa 2017 ya daɗe yana toshe musu kayan aikin kwamfuta, yaƙi kuma ya zo ya watsa azuzuwa, ya lalata ɗakunan gwaji. Amma wannan bita ba ta jiran lantarki ko lasisi, kuma ɗalibin da ke jin Hausa da Larabci yana da abin da abokan karatunsa ba su da shi, domin shi ne zai iya zama da tsohuwa ta faɗa masa a harshenta inda ta tsaya.

Saboda haka in ɗalibi ya yi sallama da 'yan takardunsa yana neman mutum biyar, a shimfiɗa masa tabarma a kirawo masa Inna da Baba. A dai gargaɗi jikoki kada kowa ya nuna musu inda za su danna.