Littafin Alƙali Wad Daifallah da Takardunmu na Mai Wurno

Duk mai neman tarihin malaman daular Sinnar, littafin Ɗabaƙat yake buɗewa. Alƙali Muhammad Wad Daifallah na Halfaya, Allah Ya jiƙansa, ya tattara labaran malamai da waliyyai kusan 270 kafin rasuwarsa wajen 1810. Almajirai suka yi ta kwafarsa da hannu, shi ya sa bai ɓace ba, har Farfesa Yusuf Fadl Hasan ya tace shi a 1971.

Mu kuwa, da kakanninmu suka baro Burmi a 1903, wasiƙunsu da takardun rabon gado suna cikin gafaka, kwafi ɗaya tak, gara na ci. Da yaƙi ya iso Jazira a Disambar 2023, wa ya tsaya ɗaukar gafaka? Wanda nasa suka tsira, ya ɗauki hotonsu da waya, shafi-shafi.