Kafin yaranmu su sayi tayar babur

Samarinmu da dama a Karama da babur suke neman halak, suna kai wa mutane abinci. A Dubai zafin bazara kan kai digiri 45, kwalta ta fi haka zafi, tsohuwar taya kuwa ba ta jurewa.

Ku ce su duba abu uku. Na farko, shekarunta. A gefen taya akwai DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira: 1524 na nufin mako na 15 a 2024. Wadda ta kai shekara biyar a bar ta ko da zanenta bai cinye ba, robar ta bushe. Na biyu, zane. A cikin raminsa akwai ɗan tudu, in ya zo daidai da saman taya, ta suɗe. Na uku, roba. Mai laushi ta fi kama titi amma tana saurin cinyewa, mai tauri ta fi daɗewa amma ta fi santsi. Mai zirga-zirgar kullum ya nemi matsakaiciya, daidai girman da kamfanin babur ya rubuta.

Araha ba ta ado. Dirhamin da aka rage a taya 'yar gwanjo ba zai biya jinyar karaya ba. Allah ya tsare mana su.